Fijon da ke ƙin tashi idan ta ɗau zafi

Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ba ta taɓa ba ni wahala da sassafe ba, domin da an murɗa makulli take kamawa. Matsalarta ta kunno kai ne a watan Afrilun bara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Idan na yi tafiya mai ɗan nisa na kashe ta, na shiga masallaci ko kasuwa na yi minti 15 ko 20, sai in dawo ta yi ta juyi ba tare da ta kama ba. Amma idan na kashe na sake kunnawa nan take tana tashi, haka kuma idan ta yi awa guda a tsaye.

Kuskurena shi ne na fara sayen kaya kafin in san ciwon. Na canza batir alhali kik yana juya injin da ƙarfinsa, sannan na canza koyil da kwandansa, kayan da ke ba filogi wuta, don gaskiya ne sukan raunana idan sun yi zafi. Kuɗi suka tafi, mota tana nan yadda take.

Wani dattijon bakanike ne ya warware mini. Da na gama bayani sai ya ce, "Alhaji, idan ta tashi daga baya, wane irin hayaƙi take yi?" Na ce, "Baƙi, Baba, ga warin fetur kamar an zubar." Ya sa muka zagaya da ita har ta yi zafi sosai, muka kashe muka jira. Ya zare wayar filogi ɗaya ya gwada, wuta ta fito shuɗiya mai ƙarfi, ya ce laifin ba na wuta ba ne. Daga nan ya cire murfin matatar iska ya ce in leƙa maƙogwaron kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska. Da idona na ga fetur yana ɗiga yana tururi, kuma da na kara kunne na ji ƙarar tafasa.

Abin da ke faruwa shi ne, da zarar an kashe inji fanka da famfon ruwa suna tsayawa, zafin da ke jikin ƙarfe ya rasa mai kwashe shi, sai ya hau zuwa kafireta. Fetur kuwa ba ruwa ba ne. Wani sashe nasa yana fara tafasa tun a zafin da bai wuce na ranar bazara ba. Man da ke cikin kwanon kafireta sai ya tafasa ya malala cikin manifol, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji, ya yi wa iska yawa har filogi ya kasa kunna shi. Ni kuma ina ƙara dagula lamarin da hannuna, domin duk bugun totur ɗaya da nake yi cikin fushi ƙarin mai yake fesawa ciki.

Da ya sauke kafiretar muka tarar babu kaurin faifan nan da ke raba ta da zafin manifol, wani ya taɓa cire shi ya sa siririn gasket a madadinsa. Allurar da ke tsayar da mai ta cinye, fulot, abin da ke yawo a kan mai a kwanon kafireta yana rufe allurar, ya yi sama fiye da ƙima, tiyon mai kuma yana kwance a jikin inji. Aka mayar da faifan, aka sa sabuwar allura, aka daidaita fulot, aka ɗage tiyon. Duka kuɗin bai kai na batirin da na saya ba, kuma wannan ya daɗe yana damuna.

Har yanzu a ranar da zafi ya tsananta takan ɗan yi nauyin tashi. Idan haka ta faru ba na buga totur. Nakan taka shi a hankali har ƙasa in riƙe, sannan in murɗa makulli, iska ta shiga ta kwashe rarar man, cikin daƙiƙa kaɗan ta kama. Idan kuma na dawo daga doguwar tafiya, kamar daga Zariya, nakan bar ta ta yi silo na minti ɗaya kafin in kashe, in nemi inuwa, in ɗaga bonet kaɗan.