Lahadi ita kaɗai a layi

Talata, dare ya yi.

Fom ɗin jadawalin aiki da nake haɗawa a shafin intanet ne ya cinye mini yini. Tambaya ɗaya ce tak a cikinsa: waɗanne ranaku za ka iya zuwa? Akwatunan tik guda 7, Litinin zuwa Lahadi. Jiya na jera su daga sama zuwa ƙasa, na tashi abina. Yau da safe Oga ya leƙo allona ya ce, "Wannan dogon zaren fa? Zuba su a tebur mana, uku-uku."

Na ce to. Na sa PHP, harshen da nake rubuta shafin da shi, ta riƙa rufe tr, wato layin tebur, tana buɗe sabo duk bayan akwati uku. Bakwai kuwa ba ta rabuwa gida uku, sai ga Lahadi a layin ƙarshe ita kaɗai kamar marainiya, da gurabun tebur (td) biyu wayam a gefenta.

Ban gama jin haushin wannan ba na danna kalmar Laraba, sai tik ya hau kan Litinin. Na sake dannawa, ya sauka. Kusan minti 40 ina zargin kwamfuta, ashe ni ne na bar id, wato sunan da ake gane kowane akwati da shi, iri ɗaya a kan dukkansu. Shi label, wato rubutun da ke gefen akwati, ba ruwansa, akwatin farko da ya samu da sunan nan shi yake kamawa. Kunya ta ishe ni, Allah Ya sa ba wanda ya gani.

Da na buɗe a waya kuma, ginshiƙai ukun nan suka ƙi karyewa, akwatunan sun matsu, babban yatsa sai ya taɓa biyu. Na koma wurin Oga.

"Ranka ya daɗe, tebur don bayanai aka yi shi. A bar ni in sa fieldset mai haɗa akwatunan wuri ɗaya, da legend mai ɗauke da tambayar a kansu, manhajar da ke karanta wa makafi allo ta faɗi tambayar kafin ranakun. Jerin kuma grid, tsarin jera abubuwa a shafi ba tare da tebur ba, ya yi shi, a waya ya koma layi ɗaya."

"Grid ɗin nan kowa zai gani?"

"Tun 2017 manhajojin buɗe shafi irin su Chrome da Firefox da Safari suka karɓe shi."

Ya yi shiru, can ya ce, "Yi, amma kada in ga bambanci."

Na yi. Da yamma ya wuce ta bayana, ya tsaya, ya gyaɗa kai. "Ka gani ko? Ai na ce maka tebur ya fi kyau."

Ban ce uffan ba. Da farko dariya ta kama ni, amma a hanyar gida abin ya tsaya mini a rai. Rabin yini na kashe a kan abin da shi bai ma san an canza ba, kuma ban tabbata ina so ya sani ba.

Yaya ta kira sau biyu, ban ɗaga ba. Gobe.

Goben ma akwai saura: akwatin da ba a yi wa tik ba, burauza, wato manhajar buɗe shafi, ba ta aika shi sam, don haka wanda bai zaɓi ko rana ɗaya ba sai na tare shi ta baya, a ɓangaren PHP. Lahadi dai tana nan ita kaɗai a allon kwamfuta.