Asabar Ɗin da Ta Kama Ni a Khartum

Na tafi Khartum, babban birnin Sudan, karatun likitanci ina ɗauke da wani tunani da na taso da shi a Wusasa, cewa Kiristan da bangaskiyarsa ta nuna ba ya tsoron mutuwa, wanda kuwa gabansa ya faɗi da jin sunanta, to akwai sauran gyara a zuciyarsa. Na sha jin ana karanta Ibraniyawa 2:15 a wurin jana'iza, inda aka ce Almasihu ya zo ya 'yanta waɗanda tsoron mutuwa ya bautar duk tsawon rayuwarsu, sai na ɗauka ma'anarsa ita ce mai bi na gaskiya zuciyarsa ba ta bugawa ko da an ɗora masa wuƙa a wuya.

Ɗakin da ake koyar da sassan jikin ɗan Adam bai girgiza ni ba, domin gawar da aka jiƙa da magani ta riga ta gama nata. Abin da ya tona mini asiri shi ne ɗakin masu wankin ƙoda, inda aka tura mu koyon aiki a wani asibiti. A can na haɗu da wani dattijo Bahaushen Mai Wurno, garin nan na gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Dattijon yana jin Larabci sarai, amma idan ciwo ya matsa masa Hausa yake so, don haka na zama tafintansa. Wata rana jininsa ya sauka ana cikin wanki, na zo ɗaura masa abin awo hannuna yana karkarwa, da ya farfaɗo sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ne a kan gadon, kai ne kake rawar jiki?" Na ce, "Baba, tsoro na ji." Ya ce, "Ni ma na ji, ai mutuwa rigar kowa ce, amma babu mai gaggawar sa ta. Ɗaura abinka."

Shi Musulmi ne, ni Kirista, kuma bai taɓa neman ya yi mini wa'azi ba, amma maganarsa ta sa na koma kan darasin da na haddace don jarrabawa kawai. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke zuba sinadarin adiranalin cikin jini idan mutum ya hangi haɗari, sai bugun zuciya ya ƙaru, baki ya bushe, gumi ya karyo. Wannan aiki ba ya tambayar mutum addininsa, kuma Allah ne ya tsara shi domin kiyaye rai. Luka, wanda Bulus ya kira ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14, shi ne ya rubuta cewa a daren da za a kama Yesu guminsa ya yi ta ɗiga kamar gudajin jini yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon wahala. In har Ubangiji kansa ya yi wannan gumi, ban ga dalilin da zai sa mu riƙa ɗora wa majinyaci laifin rashin bangaskiya don ya yi kuka ba, kuma ina ganin masu zuwa gaisuwar asibiti da irin wannan tsawa suna ƙara wa mara lafiya nauyi ne kawai.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, aka wayi gari da ƙarar manyan bindigogi tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF, ƙarƙashin Mohamed Hamdan Dagalo, a wajen filin jirgin sama da hedikwatar soja da fadar shugaban ƙasa. Ana cikin goman ƙarshe na azumi, abokan zamanmu Musulmi suna shirin sallah. Mu mun yi Istarmu tun ranar 9, amma ta Kibɗawa, wato mabiya tsohuwar cocin Masar, ta faɗo ranar 16, kuma wani ɗan ajinmu Bakibɗe ya gayyace ni sujadar daren wannan Asabar, wadda suke kira Asabar ta Haske. Maimakon majami'a, a ƙarƙashin matakalar bene muka kwana, wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe.

A kwanakin nan na gane cewa abin da ke cin raina bai tsaya ga mutuwa ba, rashin sanin abin da sa'a mai zuwa za ta kawo shi ne ya fi ciwo. Karatun likita ya saba mana da hasashe: a duba sakamakon gwaji, a ce ciwo kaza yakan kai wata kaza. A nan kuwa babu gwajin da zai faɗa maka rufin da harsashi zai huda. Da na buɗe Littafi Mai Tsarki da hasken waya ina tattalin caji, sai na lura da abin da ban taɓa kulawa da shi ba, wato yadda Linjila ta taƙaita labarin ranar da ke tsakanin gicciye da tashi. Luka 23:56 ya ce matan da suka bi Yesu sun koma sun haɗa kayan ƙanshi da man shafawa, suka kuma huta ran Asabar bisa ga doka. Ba su san gobe kabari zai zama fanko ba, shirin shafe gawa suka yi, amma sun yi aikin da ke gabansu cikin aminci. Mu da muke karantawa mun san ƙarshen labarin, shi ya sa muke tsallake ranar da gudu daga Jumma'a zuwa Lahadi, alhali yawancin rayuwar mai bi a cikin irin wannan Asabar take. Alkawarin da aka ba ni a Yohanna 11:25 shi ne tashi bayan mutuwa da kuma wanda zai tashe ni, ba a haɗa mini da jadawalin abin da zai faru gobe ba.

Daga nan na daina roƙon a cire mini tsoro, na koma roƙon a nuna mini abin yi. Akwai kuwa abin yi: raba ruwan da ya rage da murfin kwalba, wanke raunin wani maƙwabci da gilashin taga ya yanka, zama kusa da wata ɗaliba mai ciwon asma har numfashinta ya daidaita. Ranar Lahadi da layin waya ya dawo na ɗan lokaci, saƙon Bakibɗen nan ya shigo da gaisuwarsu ta Ista, "Almasihu ya tashi," na mayar masa da "Haƙiƙa ya tashi," jirgin yaƙi yana wucewa ta kanmu, yatsuna suna kuskuren haruffa.

A ƙarshen watan aka kwashe mu a manyan motoci zuwa iyakar Masar, inda muka yi kwanaki a Argin cikin rana da ƙura muna jiran izinin shiga, kafin jiragen farko su tashi daga Aswan su sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Mai wankin ƙoda yana bukatar injin sau biyu ko uku a mako, injin kuma yana bukatar wuta da ruwa mai tsabta, saboda haka tun a mota tunanin Baba bai bar ni ba. Ɗansa ya sanar da ni cewa sun samu sun fitar da shi zuwa Wad Madani, sai ga shi a Disamba na wannan shekarar faɗan ya ci birnin, a 2024 kuma ya kai jihar Sinnar. Tun daga lokacin lambar ba ta shiga. Har yau sunansa yana cikin takardar addu'ar da nake ajiyewa a aljihun farar rigata, kuma duk sa'ad da hannuna ya soma rawa a kan majinyaci, muryarsa nake ji tana cewa in ɗaura abina.