Wasiƙa zuwa gida: gumi ba kitse ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Da fatan kuna lafiya. Wani ƙanena ne ya kira ni kwanan baya yana murna, wai ya sa rigar leda ya yi gudu, gumi ya yi ta zuba, kitse ya narke. Na yi dariya, na ce masa ruwa ne ya fita, da ya sha zai dawo. Tun da na zo ƙasar nan nake ɗan sassarfa da safe, shi ya sa na bi diddigin maganar.

Jiki rumbu biyu gare shi na ajiye ƙarfi. Sitaci da sukarin da muka ci suna komawa gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, a adana su a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin: kusan giram 100 a hanta, wajen 400 a tsoka. Wannan rumbun ƙarami ne amma a bakin ƙofa yake. Ɗayan kuwa kitse ne, mai yawan gaske ko a jikin siriri. A ma'aunin ƙarfin abinci, giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na sitaci 4, sai dai kitse ya fi cin iskar oksijin, kuma a hankali yake sakin ƙarfinsa.

Don haka in kana tafiya kana hira ba ka haki, kaso mai yawa na ƙarfin daga kitse yake fitowa. Da ka ƙara wuta har magana ta gagara, tsoka sai ta koma kan gilaikojin. Masu tseren kilomita 42 sun san wannan, domin wajen kilomita 30 da yawa ƙafafunsu ke mutuwa. Rumbun kusa ne ya ƙare. Tun 1967 masu bincike a Suwidin, Bergström da Hultman, suka nuna alaƙar gilaikojin da juriya.

To abin da ka ci yanzu fa? Nan ne mutane ke ruɗewa. Sukari yana shiga jini cikin mintuna, amma hanji yana da iyaka: kusan giram 60 na gulukos a awa. In an haɗa shi da furuktos, wato sukarin 'ya'yan itatuwa, wanda ke da tasa hanyar shiga, ana iya kaiwa 90. Ƙari a kan haka murɗar ciki kawai zai jawo maka. Maiko kuwa yana daɗewa a ciki, sai an yi awanni yake isa jini sosai, lokacin ka gama har ka yi wanka. Kitsen da kake ƙonawa yau tsohon ajiya ne.

Ina yake tafiya in ya ƙone? Mafi yawansa ta huhu yake fita da numfashi, sauran ya zama ruwa. Ƙanena dai na ce ya cire ledar nan tun zafi bai kayar da shi ba.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan uwanku a ƙasar waje