Awa ɗayar da na hana jarirai nono

Jibi zan miƙa makullin firjin rigakafi, bayan shekara bakwai a asibitin sha-ka-tafi. Abin da har yau yake ci mini rai ya faru ne a 2022, shekarar da ɗigon rota, wato rigakafin wata ƙwayar cuta mai sa yara gudawa da ake ɗiga wa jarirai a baki, ya shiga jadawalin rigakafin yara a Najeriya.

Shugabarmu ce ta dawo daga wani taro ta ce kada uwa ta shayar awa ɗaya kafin ɗigo da awa ɗaya bayansa. Maganar tana da tushe, don wani bincike na 2010 ya nuna a ɗakin gwaji cewa nonon matan Indiya yana ɗauke da sinadarin garkuwa mai yawa da ke raunana ƙwayar rigakafin. Ban ce uffan ba, na bi. Wata huɗu ina tsare mata a kan benci, jarirai 'yan mako shida suna tsala ihu bayan allura, ni kuwa sai "Maman yaro, daure, awa ba ta cika ba."

Wata mai haihuwar fari ta ɗauka nononta ne ke da illa. Surukarta ta sayo madarar gwangwani, ana damawa da ruwan rijiya. Da suka dawo a mako na goma, gudawa ta tsotse yaron, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa. Allah ya yi da sauran kwana. Amma ni ce na fara sa wa yarinyar nan shakku.

A daren na zauna da waya na yi ta karatu. Ashe an riga an gwada abin a jikin jarirai a Afirka ta Kudu da Indiya a 2014, da Pakistan a 2015, jinkirta nono bai ƙara musu garkuwa ba. A birnin Karachi na Pakistan ma waɗanda suka sha nan take ne suka fi amsa rigakafin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 take cewa a shayar lokacin allura, yana rage raɗaɗi.

Da mai duba aiki ya zo, shugabar ta ce ita ba ta taɓa cewa a jinkirta nono ba. Sunana ne ya shiga rahoto. Muna gaisawa dai.

Wadda za ta gaje ni: umarnin baki, ki nemi a rubuta miki shi. Ki duba zafin firji safe da yamma, ko da janareta na aiki. In uwa ta ɗaga hijabi za ta ba yaro nono, matsa mata kujera, sannan ki ɗauko sirinji.