Laraba, a zauren horar da malaman ruga

Hazo ya sauko sosai yau, har hantsi ba a ga rana ba, kowa ya shigo zaure da tari. Yawancin waɗanda muke horarwa matasa ne, masu takardar NCE da waɗanda suka gama sakandare, sai mata 'yan ƙalilan da suka zauna a layin baya. Aikin da ke jiransu shi ne koyar da manya karatu da lissafi a rugagen da ke kewayen Ladduga, makiyayar nan da gwamnati ta keɓe a ƙasar Kachia.

Da safe na ce wani yaro mai kuzari ya fito ya gwada mana darasi, mu kuma mu zama ɗalibansa. Yana riƙe alli sai murya ta canza. "Ku miƙe ku gaida malam!" Muka miƙe. Ya rubuta baƙaƙe a allo, ya sa muka yi ta maimaitawa, wanda ya faɗa daidai a tafa masa, wanda ya kuskure ya tsaya a tsaye. Ba laifinsa ba ne, haka aka koyar da shi, kuma a ajin firamare da ya ci maki mai kyau. Da ya gama na tambaye shi wa yake zaton zai zauna a gabansa ranar da ya isa ruga. Dattijo ne da ya aurar da 'ya'ya, wanda ya san kowace saniya a garkensa da sunanta da uwarta da kakarta, wanda idan ɗaya ta ɓata da yamma zai gane ba tare da ya ƙirga ba. Irin wannan mutumin ka tsayar da shi gaban jama'a saboda ya rikita "ba" da "da", ba zai yi maka musu ba. Zai ce madalla, ya yi maka sallama da fara'a, kuma ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba.

Sai na fito da fankon kwalbar maganin tsutsar ciki na dabbobi, na miƙa aka zagaya da ita. Rubutun jikinta da Turanci yake, amma abin da makiyayi ke buƙata a ciki lambobi ne: watan da shekarar da maganin zai lalace, da yawan abin da za a ba dabba gwargwadon nauyinta. A kasuwar ƙauye ana sayar musu da wanda wa'adinsa ya wuce, su ɗura wa shanu, su ga ba sauƙi, su ƙara ninki. Na ce darasin farko daga nan zai fara. Mutumin da ya iya karanta 08/2023 a gindin kwalba ya mayar wa mai shago kayansa, shi da kansa zai dawo gobe ya ce a ƙara masa. Bayan kwalba sai takardar POS da saƙon banki a waya, domin yanzu dillali kan ce "na tura" a kasuwar shanu, mai sa kuma sai ya nemi yaron da zai duba masa. Mata kuwa lissafinsu na ludayi ne da bashin masu fura, kuma sun fi mu iya shi da ka. Abin da ya rage musu shi ne yadda za su ajiye shi a takarda.

Bayan Azahar Ardon da muka gayyata ya iso, da sandarsa da 'yar rediyo a rataye. Na ga matasan sun ɗan yi sanyi, ba su zaci za a zaunar da wanda bai yi boko ba a kujerar mai jawabi. Ɗaya ya nuna masa jadawalin da suka tsara jiya, darasi ƙarfe takwas na safe.

"Ɗana," in ji Ardo, "ƙarfe takwas wa zai tatsar maka shanun?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya lissafa musu yadda yini ke tafiya: tatsa da sassafe, maza su kora garke daji, mata su ɗauki ƙwarya su nufi gari talla, ba mai dawowa sai la'asar sakaliya, ranar kasuwa kuwa kada ma a fara. Sannan ya shiga maganar kunya, wadda ita ce ta fi ɗaukar mu lokaci. Mutum ba zai zauna tabarma ɗaya da surukinsa yana lalube a baƙaƙe ba. Mace ba za ta ambaci sunan mijinta ba, uba da uwa ba sa kiran sunan ɗan fari. Wata daga cikin matan ta buɗe littafin da aka raba mana, ta nuna darasi na uku: rubuta sunanka, da sunan mijinki, da sunayen 'ya'yanki. Ta ce, "Baffa, to wannan fa?" Ya ce a bar mace ta rubuta sunan saniyarta tukuna, sauran za ta rubuta a ɗakinta in ta ga dama. Na sa kowa ya gyara a littafinsa nan take. Kiran suna daga rajista ma mun soke shi, malami ya duba da ido ya yi alama.

Inda muka yi gardama shi ne harshe. Wasu sun ce Fulfulde, wasu sun ce Hausa tunda da ita ake ciniki, Ardo kuma ya tuna mana cewa dattawa da yawa sun yi allo, suna karanta ajami, don haka kiran su jahilai zagi ne. A ganina ya fi mu gaskiya. Sunan yaƙi da jahilci ya yi aiki a shekarun 1950, lokacin da ake buga littattafan koyo a Zariya ana raba wa ƙauyuka, ya kuma sake tashi da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980. Amma duk wannan an tsara shi ne don mutanen da ke zaune wuri ɗaya. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, hedikwatarta na Kaduna, kuma ƙarfinta ya fi karkata ga yara. Babban mutum mai tashi da garke yana nan a tsakani.

Na ba matan labarin Nana Asma'u da malamanta mata da ake kira jaji, don na lura tun safe suna ɗari-ɗari. Ita ma horar da masu koyarwa ta yi: ta zaɓi dattijai mata daga ƙauyuka, ta naɗa musu malfa, ta koya musu waƙoƙi da Fulfulde da Hausa, su koma su koyar da 'yan taru, wato matan da ke ɗaukar karatu, a inda suke. Ba ta aika baƙuwa ba, 'yar gari ta ɗauko. Wannan ne ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinmu yau. Nan da 'yan makonni ciyawa za ta ƙare, samari da rabin garke za su yi kudu neman ruwa, aji ya watse. Malamin da aka ɗauko daga cikin gari ba zai bi su ba, kuma da alawus ɗin da masu shirya taron suka ambata, wanda ko na wannan makon bai shigo ba, ban ga laifinsa ba. Ardo ya ce akwai yara biyu a rugarsa da suka yi sakandare kuma da su ake tashi, me ya hana a horar da su? Na rubuta, zan kai wa na sama, ko da yake na san za a ce ba su da takardar koyarwa.

Gobe za mu je rugar tasa gwaji, bayan la'asar kamar yadda matan can suka zaɓa, maza a gindin bishiya, mata a bayan bukkoki tare da malamai mata. Kafin nan sai na biya shagon maganin dabbobi na roƙi fankon kwalabe, kowane malami ya tafi da tasa.