Kamshaf ɗin Chevelle da abin da ya raba ni da garejin nan

Ƙarshen makon nan zan bar garejin da nake aiki a Houston, kuma abokan sana'a sun riga sun ji labarin sama-sama. Wasu sun ce kuɗi ne, wasu sun ce na samu wuri kusa da gida. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun, amma abin da ya fitar mini da wurin daga rai tun tuni shi ne wani kamshaf (kam a taƙaice, sandar nan mai tozaye da ke buɗe bawul a cikin inji) da aka sa wa wata motar Chevrolet Chevelle ƙirar 1972, da abin da ya biyo baya.

A Kaduna na koyi kanikanci, a kan Peugeot 504, kuma a can babu mai zaɓen kam. In ya ci, ka je kasuwa ka nemo irin wanda kamfani ya sa, ka mayar, shi ke nan. Sai da na zo Amurka na ga mutum ya zare kam lafiyayye ya ajiye, ya buɗe littafin masu ƙera kaya, kam iri-iri na inji ɗaya tak, yana neman wanda zai sauya wa motarsa hali. Ginin injin bai ba ni wahala ba, don kam ɗin 504 ma a cikin bulok yake, yana tura bawul da sanduna kamar na V8 ɗin Chevrolet. Abin da ya ci mini lokaci shi ne gane cewa lambobin da ke kan katin kam ba sa gaya maka komai sai ka san motar da za a sa wa, da mutumin da zai tuƙa ta.

Mai Chevelle ɗin dattijo ne da ya yi ritaya. Injinta 350 ne (girmansa ke nan a inci kubik), kafireto Quadrajet, giya atomatik TH350 mai hawa uku, aksul 2.73 (shaf ya juya sau 2.73 kafin taya ta juya sau ɗaya), birki mai busta, ga esi. Duk wanda ya taɓa buɗe injin shekarun nan ya san tun 1971 kamfanin General Motors, mai Chevrolet, ya rage matsin silinda domin injinansa su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, saboda haka wannan 350 ɗin matsinsa 8.5 ne, ƙarfinsa daga kamfani doki 175. Bukatar dattijon ba ta da yawa. Yana son motar ta ɗan ƙara kuzari in zai shiga babban titi, yana son a ɗan ji muryarta in ta tsaya a danja, kuma zai ci gaba da ɗaukar matarsa a ciki ranar Lahadi, cikin zafin Texas da gosulon titin I-10.

Na yi lissafin da kowa ya iya. Da aksul 2.73 da taya mai tsayin inci 26, in motar tana gudun mil 60 a awa, injin yana juyi kusan 2,100 a minti. A cikin unguwa kuwa, a mil 35, bai kai 1,300 ba in tana giyar ƙarshe. Ke nan rayuwar injin nan gaba ɗaya tsakanin silo (inji na aiki ba a taka totur ba) da juyi 3,000 take. Kam ɗin kamfani yana riƙe bawul ɗin shiga a buɗe na kusan digiri 195 in an auna a ɗagawar inci 0.050. Na zaɓi wanda ke digiri 212 a shiga, 218 a fita, tazarar da ke tsakanin tozon shiga da na fita digiri 112, ɗagawarsa kusan inci 0.450, wadda sifirin ɗin da za mu sa da tsofaffin kan silindan za su ɗauka ba tare da gardama ba. Na kai wa oga takardar.

Ya duba ya ce wannan kam ɗin motar ɗaukar kaya ne. Ya ce mutum ba ya kawo Chevelle ya biya kuɗi don ya tafi da mota mai yin shiru, kuma in motar ta je wurin taron masu tsofaffin motoci ranar Asabar, ƙararta ce tallar garejinmu. Ya ɗauko nasa: digiri 244, tazarar tozaye 108, ɗagawa sama da inci 0.500. Na ce, "Oga, wannan kam ɗin yana son matsi 10 ko sama, yana son kwanbata (abin da ke haɗa inji da giya atomatik) mai sakin inji ya kai juyi 3,000, yana son aksul 3.73. Ba mu da ko ɗaya a motar nan." Ya ce shi ya fara haɗa inji tun kafin in san kalar sifana. Ya kawo mini misalin Camaro Z/28, wadda kamfani da kansa ya sa wa babban kam ya sayar wa jama'a.

Misalin nan shi ya fi ba ni haushi, don hujjata ce ya ɗauka ya juya. Gaskiya ne Z/28 ta 1967 zuwa 1969 ta zo da kam ɗin nan mai zafi da ake kira 30-30. Amma injinta 302 ne da aka haɗa don tseren Trans-Am, matsinsa 11, kuma Chevrolet bai taɓa sayar da ita da giya atomatik ko esi ba. Giyar hannu mai hawa huɗu kaɗai ake samu. Injiniyoyin da suka ƙera ta sun san abin da kam ɗin ke ƙwacewa a ƙasa, shi ya sa suka hana shi haɗuwa da kayan da ba zai iya ɗauka ba. Mu kuma ga shi muna shirin haɗa shi da dukkansu.

Ga wanda bai daɗe a harkar ba, abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Dogon kam yana jinkirta rufe bawul ɗin shiga har fistin ya yi nisa a hawowarsa. In injin yana juyi 5,000 ko 6,000, iskar da ke shigowa da gudu ba ta fasa shiga ko da fistin ya fara hawa, sai silinda ta cika maƙil. In kuwa injin yana 1,500, iskar ba ta da wannan ƙarfin, sai fistin ya tura wani kaso nata baya ta bawul ɗin da bai rufe ba. Matsin da dama 8.5 ne sai ya ƙara zubewa. Sannan akwai ɗan lokacin da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga ya riga ya buɗe. Ƙara tsawon kam da matse tazarar tozaye duk suna faɗaɗa wannan lokacin, hayaƙi ya riƙa komawa cikin manifol (bututun da ke raba wa silinda iska da mai) a silo, wuta ta kama a wata silinda ta ƙi kamawa sosai a wata. Wannan tangal-tangal ɗin shi ne ƙarar da mutane ke so. Inji ne yake tuntuɓe, kuma zuƙar iskar da ke cikin manifol ita ke biyan kuɗin.

Na sa kam ɗin kamar yadda aka umarce ni, kuma na sa shi da kyau. Na ɗaura faifan digiri da agogon awo, na tabbatar tsakiyar tozon shiga tana kan 104 kamar yadda katin ya ce. Na auna tazarar bawul da fistin. Na sa sababbin tafet (ƙarafan da ke hawa kan tozayen kam) da sifirin, na tayar da injin na riƙe shi tsakanin 2,000 da 2,500 na minti 30 da man da ya dace. Duk na rubuta a ɗan littafina. Da muka saukar da shi silo, agogon zuƙa ya tsaya a inci 8, alhali da kam ɗin kamfani yana ba da 18. Na nuna wa oga. Hankalinsa yana kan salansa, yana kiran sauran ma'aikata su zo su ji.

Ba a daɗe ba motar ta dawo. In an sa ta a giya da esi a kunne, mutuwa take yi, sai an ɗaga silo har ta riƙa fizgar mutum a danja. Daga tsaye ba ta da ƙarfin tashi, har gara yadda take a da. Quadrajet yana amfani da zuƙa wajen riƙe alluransa a ƙasa, da zuƙar ta faɗi sai ya ɗauka an taka totur, ya yi ta zuba mai, fulogi suka yi baƙi ƙirin, warin fetur ya cika motar. Ita ma TH350 da zuƙa take gane nauyin da ke kan inji, sai ta koma canja giya a makare da duka. Mafi muni shi ne birki. Busta da zuƙar manifol take aiki, kuma inci 8 ba ya isar ta. A gosulo dattijon ya taka sau ɗaya, ya sake takawa, a na gaba feda ta ƙame, saura kaɗan ya shige bayan wata babbar mota, matarsa tana gefensa.

Ina tsaye a wurin oga ya gaya masa cewa kam ɗin ba shi da matsala, kacar taimin ce aka sa ta tsallake haƙori ɗaya. Ya ƙara da cewa yaron nasa yana da ƙoƙari, amma a Afirka ya koyi aiki, har yanzu yana sabawa da injin Amurka. Na ɗauko littafina zan buɗe, ya ce in koma bakin aikina. Haka aka shafa mini kashin kaji a gaban mutumin da na yi ƙoƙarin karewa tun farko. Kuma kun san tsarin biyan nan namu na awannin littafi: motar da ta dawo saboda laifin bakanike, kyauta yake sake ta. Da ya ɗora laifin a kaina, ya tsira da mutuncinsa, ya kuma tsira da kuɗin aikin.

Na kwance lagireto, famfon ruwa, murfin taimin, na kira oga ya zo ya gani da idonsa. Alamomin giyar taimin suna kan juna daidai, faifan digiri ya sake nuna 104. Ya duba, bai ce uffan ba, ya koma ofis ya kira dattijon ya ce an gano motar tana bukatar sabuwar kwanbata, aksul 3.73 da famfon zuƙa na lantarki don birki. Wato a canja mota gaba ɗaya domin ta dace da kam. Da an yi haka, za ta tashi da ƙarfi, ba musu, amma a mil 70 injin zai riƙa ihu a kusan juyi 3,400 tunda giyar hawa uku ce, ga shan mai, ga zafin da kwanbata mai saki ke tara wa man giya. Dattijon ya ce shi bai nemi motar tsere ba, kuma ba zai ƙara ko dala ɗaya ba. Ya leƙo wurin da nake ya tambaye ni me zan yi in motata ce. Na miƙa masa takardar farko.

Kam ɗin 212 ne a cikin motar yanzu. Zuƙa ta koma inci 16, silo ya zauna a 700 da esi a kunne, birki ya dawo, kuma daga danja zuwa danja ta fi yadda ta zo mana kuzari nesa ba kusa ba. Akwai ɗan kaɗawa a muryarta, daidai wanda mai kunne zai gane an taɓa injin. Dattijon ya turo abokansa masu tsofaffin motoci, kowannensu ni yake tambaya in ya shigo. Oga bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, awannin da na yi a aiki na biyu kuma ban ga ko sisinsu ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Sauran abubuwan da na koya a wurin ba su da tsawo. Kam shi ake zaɓa a ƙarshe, bayan ka san matsi, kan silinda, giya, aksul, nauyin mota da inda mai ita yake zuwa. In kana wasi-wasi tsakanin kam biyu a motar titi, ɗauki ƙaramin. Kam ɗin da ya yi wa 350 yawa yana iya zama lafiya a injin 454, don babbar silinda tana haɗiye shi. Kwatanta kam da kam a awon 0.050 ake yi, lambar talla kowane kamfani da yadda yake auna tasa. Tsohon tafet ba ya hawa sabon kam. Man injin zamani an rage masa sinadarin zinki da fosfaras don kare na'urar tace hayaƙi, saboda haka kam mai tafet shimfiɗaɗɗe yana bukatar man da aka yi dominsa, in ba haka ba tozo ya cinye, garin ƙarfe ya bi inji gaba ɗaya. In mai mota yana da hali, kam mai rola ya fi kwanciyar hankali, amma a duba giyar distiribito ta dace da ƙarfensa. Sifirin mai ƙarfi yana zaro sandunan roka daga tsofaffin kan silindan Chevrolet da aka buga su ba a ɗaure ba. Awon da ka yi kuma, kar ya tsaya a littafin aljihunka. Ka rubuta shi a takardar aikin da mai mota zai gani, har da sunan wanda ya zaɓi kayan.

Yanzu haka akwai wata Pontiac GTO a lungun garejin, atomatik ce, kuma kwalin kam ɗinta ya riga ya iso. Na ga katin, digiri 240 da wani abu ne, kuma babu wanda ya tambayi mai ita ina yake zuwa da ita. Yaron da zai gaje ni a aikin inji ɗan Meziko ne, mai hankali da hannu mai tsabta. Na bar masa faifan digirina, na ce ya auna zuƙa kafin ya taɓa komai, ya sake aunawa bayan ya gama, ya rubuta lambobin biyu a takardar aiki, ya sa oga ya sa hannu kafin motar ta fita ƙofa.