Yadda altaneta ta ci min biren-bokis biyu

Har yau idan na tuna biren-bokis biyu na saya wa Corolla ɗina 'yar 2006, sai raina ya sosu. Biren-bokis shi ne ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Na farkon da na sayo lafiyarsa ƙalau, bai zo da wani ciwo daga kasuwa ba. A motata ya mutu, kuma da an ɗora mita a kan batir an taka totur na minti biyu, da yanzu yana nan yana aiki.

Matsalar ta faro ne da ƙananan abubuwan da ba wanda zai danganta su da ƙwaƙwalwar mota. Ƙwan fitilar gaba ya ƙone, aka canza, ba a jima ba ɗayan ma ya bi shi. Idan na yi doguwar tafiya sai batir ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwansa kuma yana ta raguwa. Daga nan giya ta fara shiga da fizga, motar ta riƙa mutuwa ina cikin tafiya ta sake tashi. Ran da ta ƙi gaba ɗaya, kik yana juyawa da ƙarfinsa amma injin ko tari bai yi ba, kuma idan ka murɗa makulli wutar cek ba ta kamawa a dashbod.

Rewayan da makanikina ya kira, a gaskiya, ya san hanyar gano mataccen biren-bokis. Ya duba fiyus da rile na EFI, wato waɗanda ke kai wa ƙwaƙwalwar wuta, suna lafiya. Ya sauke akwatin gaban fasinja, domin a wannan ƙirar a bayansa ƙwaƙwalwar take, ya tabbatar wuta tana isa soket ɗinta, wayar at, wadda ke haɗe da bodi, ma ba ta saki ba. Ya nemi volt 5 ɗin da ya kamata ta aika wa sensa, babu. Ya jona sikana, ta ƙi magana da motar. Da ya kwance murfin akwatin, ƙaurin ƙuna ne ya amsa mana. Zuwa nan ba ni da ƙorafi a kansa. Tambaya ɗaya ce bai yi ba: me ya ƙone ta? Na faɗa masa labarin ƙwayayen fitila da warin batir, ya ce, "Alhaji, wannan daban, wancan daban. Ƙwan yanzu ne ba shi da ƙarko."

Sayen wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano bai ba ni wahala ba, don na tafi da tsohon a hannu. Lambar da ke jikin takardar akwatin, wadda ke farawa da 89661, ita ake bi har ƙarshenta, ba kamannin soket ba. Kayan Beljiyam a cakuɗe suke zuwa, na Turai da na Amurka, na mai otomatik da na mai giyar hannu, na injin 1.6 da na 1.8, kuma da yawa za su shiga soket daram amma ba za su yi aikin ba. Mai shagon ya shafa wa nasa fenti ya sa alama, ya kuma faɗa mini tun kafin in ƙirga kuɗi cewa kayan wuta idan ya ƙone ba ya dawowa.

Da aka ɗaura, wutar cek ta kama, amma motar ta ƙi tashi. Gabana ya faɗi, ashe tsaron makulli ne bai san sabuwar ƙwaƙwalwar ba. A irin tawa ana haɗa rami na 4 da na 13 a soket ɗin sikana da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an yi kik ba, a bar shi minti 30. Wanda bai san lissafin ramukan ba kada ya gwada, domin na 16 wutar batir ce kai tsaye a cikinsa. Bayan rabin awar nan, bugu ɗaya ta tashi.

To a nan ne aka yi abin da har yanzu yake cina. Na ce wa rewayan ya duba caji. Sai ya ɗauki sifana, injin na aiki, ya zare kan batir. Motar ba ta mutu ba, ya mayar ya ce, "Ka gani ko? Tana caji." Wannan gwajin na zamanin motocin kafireto ne, waɗanda ba su da ƙwaƙwalwa. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, batir shi ne ke shanye tsallen wutar da altaneta, wato abin da ke cajin batir, ke yi. Ka cire shi injin na juyawa, duk abin da altaneta ta watso sai ya wuce kai tsaye cikin biren-bokis. Kuma ko da bai yi ɓarna ba, abin da gwajin ke nunawa kawai shi ne wuta tana fitowa. Nawa take fitowa, bai gaya maka ba. Ni kuwa matsalata ba ƙarancin caji ba ce, yawansa ne.

A hanyar Zariya ta sake mutuwa, ina cikin gudu. Alluran dashbod suka yi rawa, rediyo ya ɗauke, shi ke nan. Kuɗin janwe daban, kuɗin sabon akwati daban, ga wunin da na yi a bakin titi da iyali.

Dattijon rewayan da aka haɗa ni da shi bayan nan bai taɓa motar ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Da na kai kan ƙwayayen fitila sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, ɗana. An taɓa yi wa altanetar nan aiki?" An taɓa. Watanni kafin haka ta daina caji, aka canza mata ai-si, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutar, aka sa wani mai araha. Ya ce an bar jaki ana dukan taiki. Ya ƙi yarda a jona biren-bokis na biyu sai da ya kwance altanetar ya kai ta kan injin gwaji. A juyi kaɗan, kwatankwacin silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, mita ta nuna volt 14 da 'yan kai, wanda duk mai dubawa zai ce lafiya lau. Da aka ƙara mata gudu sai lambar ta haura 17. Mota mai lafiya tsakanin 13.5 da 14.5 take zama, ko tana silo ko an taka ta. Shi ya sa a cikin gari motar take lallaɓawa, sai an hau babban titi take cin kanta. Batirin da ke wari tafasa yake yi, ƙwayayen fitilar kuma su ne suka fara sanar da mu, ba a saurare su ba.

Ban yarda a sake sa wani ai-si ba, altaneta sukutum na saya. Batirin ma ya kumbura ta gefe, shi ma ya tafi. Sai bayan dattijon ya auna caji a silo, ya auna an taka totur zuwa juyi 3,000 a minti, ya sake aunawa da fitilu da esi a kunne, sannan ya ce in tafi. Ya kuma bi koyil huɗun da wayoyin nozul ɗaya bayan ɗaya, domin a cewarsa koyil da ya haɗe a ciki ko wayar da ta goge ta taɓa bodi suna iya ƙona ƙwaƙwalwa kamar yadda altaneta ta yi, ruwan wankin inji da jona batir a juye su ma haka.

Na koma wajen rewayan farko, ba don ya biya ni ba, na san ba zai biya ba. Na gaya masa abin da mita ta nuna. Ya ce shi shekara da shekaru yana cire kan batir bai taɓa ƙona wa kowa mota ba, ƙaddara ce. Ban musa ƙaddara ba, amma mitar tana rataye a shagonsa lokacin da ya ɗauki sifana.

Duk wanda aka ce masa biren-bokis ɗinsa ya mutu, kafin ya nufi kasuwa ya sa a nuna masa abin da ya kashe shi, ya ga lambar a kan mita da idonsa, kuma a taka totur yana tsaye. Ni yanzu akwai 'yar mitar da ake sokawa a ramin cajin waya, kullum tana jone a motata. Kwanan baya da na kai salansa walda, sai da na tsaya a kan mai waldar ya cire kan batir, mota a kashe, kafin ya kunna injinsa. Yana ta gunaguni wai ina ɓata masa lokaci, na ce ya ƙara kuɗin lokacin a kan na aikin.